Tambayoyi da amsoshi kan fayil ɗin BIOS: yadda ake saita shi a emuleta don buga tsofaffin gem

Assalamu alaikum 'yan uwa masu son tsofaffin gem. Tambayoyin nan su ne dai ake ta maimaita min, wani ya turo hoton baƙin allo ya ce wayarsa ce ta lalace, wani ya ce emuletar ce jabu (emuleta ita ce manhajar da ke buga gem ɗin tsofaffin na'urori a waya ko kwamfuta), alhali a mafi yawan lokuta matsalar ɗan ƙaramin fayil ne guda ɗaya wanda ko dai babu shi, ko an ajiye shi inda bai kamata ba, ko kuma sunansa ba daidai ba ne. Shi ya sa na zauna na tattara su wuri guda. Ku karanta a hankali dan Allah, wasu amsoshin suna da tsawo.

Wai mene ne ma BIOS ɗin nan da ake ta magana?

Ka tuna lokacin da muke zuwa gidan gem, mai shago ya kunna PlayStation ta farko, kafin gem ya fito sai ka ga farin allo da tambarin Sony mai ruwan lemo da wannan ƙarar mai zurfi, sannan baƙin allo da tambarin PS? To wannan ba daga faifan gem yake fitowa ba. Yana cikin na'urar ne, a rubuce cikin wani ɗan guntun cip da ke manne a allon cikinta, kuma ko ba ka sa faifai ba zai fito, har ya kai ka wurin duba memori kad da wurin kunna faifan waƙa. Wannan manhajar ta cikin na'ura ita ce BIOS.

Kuma aikinta bai tsaya ga nuna tambari ba. Ita ke tada na'urar, ta duba faifan da aka sa, kuma gem ɗin kansa yana cikin gudu yana ta neman taimakonta, misali in zai yi sabin a memori kad ko zai karanta abin da ka danna a pad. Emuleta tana kwaikwayon ƙarfen na'urar ne, wato firosesa da sauran kayan ciki, amma manhajar nan mallakin kamfanin da ya ƙera na'urar ce, masu emuleta ba su da ikon haɗa ta cikin abin da suke rabawa. Shi ya sa suke barin gurbinta, kai za ka kawo. Fayil ɗin BIOS kwafin abin da ke cikin wancan cip ɗin ne, ba ƙari ba ragi. Na PS1 bai wuce 512 KB ba, hoto ɗaya da ka ɗauka da waya ya fi shi nauyi.

Kowace emuleta ce take buƙatarsa?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa suke ɓata data a banza. PPSSPP, wadda ita ce kusan kowa ke da ita a waya saboda ƙwallo da God of War, ba ta buƙatar BIOS ko kaɗan. Masu ita sun rubuta nasu abin da ke yin aikin manhajar PSP tun daga tushe. Duk wanda ya ce maka sai ka sauke "BIOS na PPSSPP" kafin gem ya tashi, ko dai bai sani ba ko yana son ya tura maka wani abu daban. Haka Dolphin ta GameCube da Wii, tana tashi ba tare da shi ba. Na'urorin kaset irin su NES da Super Nintendo da Sega Mega Drive da Nintendo 64 su ma ba ruwansu, ka zuba gem ka buga kawai.

Waɗanda dole sai da shi su ne PS1 a DuckStation da Beetle PSX, PS2 a PCSX2 da AetherSX2 ko NetherSX2, sai Sega CD da Sega Saturn da Neo Geo da PC Engine mai faifai. PS3 da PS Vita su ma suna so amma hanyarsu daban ce, zan zo kanta. Akwai kuma na tsakiya, waɗanda suke tashi ko babu shi amma sun fi lafiya in akwai: mGBA ta Game Boy Advance, melonDS a sababbin fitowarta, Flycast ta Dreamcast, da PCSX ReARMed ta PS1. Su waɗannan suna da BIOS na kwaikwayo a cikinsu, yana ɗaukar yawancin gem, amma wani gem ɗin zai tsaya a tsakiya ko sabin ya ƙi yi, to in ka ga haka ka san inda za ka fara dubawa.

A ina zan samo shi? Ka turo min link mana.

Ba na tura link, kuma ba rowa ba ce. Hanyar da ta dace ita ce ka ciro shi daga na'urar da kake da ita, ita ce hanyar da su kansu masu PCSX2 da DuckStation suke cewa a bi. BIOS kayan kamfani ne mai haƙƙin mallaka, raba shi a intanet ba shi da izini ko da na'urar ta shekara 30 da fitowa.

Bayan maganar haƙƙi akwai ta tsaro, wadda ita ce ta fi damuna saboda na gani da idona. Ƙanena ya je wani shafi neman BIOS na PS2, aka ba shi fayil mai ƙarewa da apk, ya yi instol, aka nemi izinin karanta saƙonni ya bayar. Washegari wayar ta cika da talla, tana zafi a aljihu ko ba a taɓa ta ba, caji ba ya kai azahar. Sai da muka kwashe hotunansa muka goge wayar gaba ɗaya, kuma na sa shi ya canza fin ɗin banki a ranar saboda lambobin da banki ke turowa ta saƙo suke shigowa. Ka riƙe wannan: BIOS ba manhajar da ake instol ba ce. Ba ya zuwa a apk, ba ya zuwa a exe, ba ya neman izinin komai. Fayil ne da ake ajiyewa a folda kawai.

To ita emuletar kanta halas ce a doka?

A Amurka an yi shari'a a kan wannan. Wani kamfani mai suna Connectix ya fitar da Virtual Game Station a 1999, manhajar da ke buga gem ɗin PlayStation a kwamfutar Mac, Sony ta kai su kotu saboda sun kwafi BIOS ɗinta suna nazarinsa lokacin da suke haɗa manhajar. A shekarar 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta ce wannan nazarin bai saɓa doka ba, tunda abin da suka sayar wa mutane babu BIOS ɗin Sony a ciki. Tun daga nan masu emuleta suke kan wannan layin: su rubuta nasu, su bar na kamfani a waje. Amma kar ka ɗauka komai ya wuce, a watan Maris na 2024 masu Yuzu, emuletar Nintendo Switch, sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 suka rufe aikin. Wannan na'ura ce da ake kan sayarwa a kasuwa kuma maganar makullan sirri ta shigo ciki, shi ya sa ni ban sa Switch a wannan shafin ba, tsofaffi muke magana.

Ina da tsohuwar PS2 a gida, ya zan ciro BIOS ɗinta?

Madalla, kai ka fi kowa sa'a. Kuma in ba ka da ita ka tambaya a gida, PS2 ta yi yawa a ƙasar nan, da wuya a rasa wadda ke kwance ƙarƙashin gado ko a shagon mai gyara. Ko lens ɗinta ya mutu ba ta karanta faifai, in dai tana kunnuwa akwai hanya.

Abin da kake buƙata shi ne hanyar da za ka sa PS2 ɗin ta buɗe manhajar da ba ta Sony ba. Wadda aka fi sani ita ce memori kad mai FreeMcBoot, irin wanda masu gidan gem suke amfani da shi su buga gem daga filashi ko hadis, in ka taɓa ganin PS2 ta tashi da jerin rubutu har da uLaunchELF da OPL to shi ne. Sai dai wasu siraran PS2 na ƙarshe-ƙarshe, cikin jerin SCPH-9000x, ba sa karɓarsa. Akwai kuma FreeDVDBoot da ya fito a 2020, shi faifan DVD ake ƙonawa, ya fi dacewa da siraran, amma shi kam sai lens na aiki.

Daga nan sai ka sami filashi ka yi masa fomat zuwa FAT32, ka sa masa ƴar manhajar da ake kira biosdrain, ka soka a gaban PS2 ɗin, ka buɗe uLaunchELF, ka shiga inda aka rubuta mass, wato filashin kenan, ka danna fayil ɗin. Ranar da na yi nawa na ajiye PS2 ɗin a kan tabarma na jona ta da ƙaramar talabijin da wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, sai rubutu ya riƙa gangarowa a baƙin allo layi bayan layi, fitilar filashin tana ƙyaftawa. USB ɗin PS2 tsohon yayi ne, a hankali yake tafiya, ka ba shi ƴan mintuna. Karon farko ana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta, fayil ɗin da na samu bai cika ba, PCSX2 ta ƙi ganinsa sam, sai da na tada janareta na sake daga farko. Saboda haka kar ka zare filashin sai ya rubuta ya gama, kuma in wuta ta katse ka goge abin da ya fito ka sake.

In ya gama za ka ga fayiloli da dama masu ɗauke da lambar na'urarka, wani ya ƙare da rom0, wani rom1, wani nvm. Babban cikinsu 4 MB ne. Ka kwashe su duka tare, kar ka ce wannan ƙarami ne ba shi da amfani, nvm ɗin nan shi ke riƙe saitin harshe da lokaci na na'urar. Kuma ka ajiye kwafi a wani wuri daban, imel ɗinka ko wani filashin.

Na PS3 fa?

Wannan shi ne mafi sauƙi. Sony da kanta ta sa manhajar sabunta PS3 a shafinta kyauta, sunan fayil ɗin PS3UPDAT.PUP, nauyinsa wajen 200 MB. Ka sauke, ka buɗe RPCS3 a kwamfuta, ka shiga File sannan Install Firmware, ka nuna mata shi, ta gama sauran. Vita3K ma haka take, daga shafin Sony ake ɗauko nata, sai dai ita fayil biyu ne, na biyun na haruffan rubutu ne, in ka manta da shi rubutu ba zai fito daidai a cikin gem ba.

Na samu fayil ɗin, ina zan ajiye shi?

Ya danganta da emuletar. A DuckStation da PCSX2 na kwamfuta akwai folda mai suna bios, kuma a cikin saitin akwai sashen BIOS da zai buɗe maka ita kai tsaye, ka zuba a ciki ka danna refresh, sunan zai bayyana da yankinsa. A PCSX2 sai ka danna kansa ka zaɓe shi, mutane da yawa suna tsallake wannan, suna ganin sunan ya fito sai su rufe. A waya kuma, DuckStation da AetherSX2 suna da maɓallin Import BIOS, shi za ka danna ka nemo fayil ɗin, su za su kwafe shi inda suke so. Ka bi wannan hanyar, kar ka wahalar da kanka da ƙoƙarin shiga Android/data da hannu, tun daga Android 11 aka taƙaita shiga wannan foldar kuma yawancin manhajojin duba fayil ba sa iya rubutu a ciki.

RetroArch, wadda ta tara emuleta da yawa a cikinta irin su Beetle PSX, ana kiran kowace core, ita ce mai rikita mutane. Foldarta sunanta system, ba bios ba. Ka shiga Settings, Directory, ka duba layin System/BIOS, duk inda ya nuna to can ne, ko da ka ƙirƙiri wata folda mai suna system a wani wuri ba za ta duba ta ba. Kuma fayilolin a tsirara ake zuba su cikin system ɗin, ba a cikin wata ƙaramar folda da ka sa wa suna "PS1 bios" don tsari ba. In ban da ƴan kaɗan da su suka nemi haka, misali na Dreamcast dc_boot.bin yana shiga cikin folda mai suna dc a cikin system. Masu Batocera kuma, wato tsarin Linux na buga tsofaffin gem, tasu foldar bios ce a cikin share.

Na sa shi a inda ka ce amma har yanzu tana cewa babu BIOS

To bismilla, nan ne aikin yake. Kafin ka zargi wayarka ka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, yana cikin zip? In fayil ɗin ya ƙare da zip ko 7z ko rar sai ka warware shi da ZArchiver ko 7-Zip ka ciro na cikin. Neo Geo ne kaɗai zan ce maka akasin haka, neogeo.zip ba a warware shi, a dunƙule ake barinsa, kuma an fi ajiye shi tare da gem ɗin a folda ɗaya.

Na biyu suna. DuckStation da PCSX2 ba su damu da suna ba, cikin fayil ɗin suke dubawa. Amma RetroArch suna take nema harafi da harafi. Beetle PSX tana son scph5500.bin na Japan, scph5501.bin na Amurka, scph5502.bin na Turai. Genesis Plus GX tana son bios_CD_U.bin da bios_CD_E.bin da bios_CD_J.bin don Sega CD. Beetle Saturn tana son sega_101.bin da mpr-17933.bin. Na Game Boy Advance gba_bios.bin ne, na DS kuma guda uku ne, bios7.bin da bios9.bin da firmware.bin. A na'urorin da ke kan Linux, irin Batocera da Steam Deck da ƙananan na'urorin hannu da ake shigowa da su yanzu, babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne, SCPH5501.BIN daban scph5501.bin daban, wannan kaɗai ya isa ya hana gem tashi.

Na uku, masu Windows ku kula, Windows tana ɓoye ƙarshen sunan fayil. Kai kana ganin scph5501.bin amma ainihin sunan scph5501.bin.bin ne ko ma scph5501.bin.txt. Ka shiga View a File Explorer ka kunna File name extensions za ka ga gaskiyar sunan.

Kuma RetroArch tana da wurin da za ta faɗa maka da bakinta. Ka loda core ɗin, ka shiga Information sannan Core Information, ka gangara ƙasa, za ka ga jerin fayilolin da yake nema, kowanne an rubuta Present ko Missing a gabansa. Wlh da mutane sun san wannan shafin da rabin tambayoyin nan ba su zo ba.

In na canza wa wani BIOS suna zuwa wanda ake nema zai yi?

Wani lokaci yana tashi, amma ba gyara ba ne. In ka ɗauki scph1001.bin ka mai da shi scph5501.bin, duka biyun na Amurka ne, Beetle PSX za ta iya ɗauka ta yi maka gargaɗi. In kuwa na Turai ka sa wa sunan na Amurka to ka jawo wa kanka matsalar da za ka daɗe kana nema ba ka gano ba. Canza suna yana da amfani ne kawai in fayil ɗin shi ne ainihin wanda ake so, sunan ne ya zo a karkace.

Ya zan tabbatar fayil ɗina lafiyayye ne?

Fara da nauyi. Na PS1 524,288 bytes ne cif, na GBA 16 KB, bios7.bin 16 KB, bios9.bin 4 KB, dc_boot.bin 2 MB. In ka ga na PS1 ya zo 300 KB ko 2 MB to ba shi ba ne ko bai gama kwafuwa ba.

Sai kuma abin da ake kira MD5. Lissafi ne da ake yi wa fayil ya fitar da jerin haruffa da lambobi 32, kamar zanen yatsa, in ko ɗigo ɗaya ya canza a cikin fayil ɗin jerin gaba ɗaya zai canza. A Windows ka buɗe cmd a cikin foldar ka rubuta certutil -hashfile scph5501.bin MD5, a Linux md5sum ne, a waya kuma akwai ƙananan manhajoji masu yin haka. Na scph5501.bin ya kamata ya ba ka 490f666e1afb15b7362b406ed1cea246. Takardun bayanin RetroArch suna da na kowane core, ka gwada naka da nasu. Ba sai ka karanta duka 32 ɗin ba, in shida na farko da shida na ƙarshe sun dace to shi ne.

Maganar yanki fa, na Amurka ko na Turai ko na Japan, wanne zan sa?

Lambar ƙarshe ta sunan ita ke nuna yanki. A PS1, 0 Japan ce, 1 Amurka, 2 Turai, shi ya sa 5500 da 5501 da 5502. A PS2 za ka ga irin su SCPH-39001 na Amurka, 70004 na Turai, 3 a ƙarshe kuma na Ingila. Ka juya taka ka duba takardar da ke manne a baya ko a ƙasa. Yawancin waɗanda suka shigo mana na hannu daga Turai za ka tarar PAL ne, don mu ma talabijin ɗinmu PAL ce.

Beetle PSX tana son BIOS ya dace da yankin gem ɗin, in faifan Japan ne kamar su Winning Eleven na asali to scph5500 za ta nema. DuckStation tana zaɓa da kanta cikin waɗanda ka ba ta. PCSX2 kuma ba ta cika takurawa ba, BIOS ɗaya yana buga gem na kowane yanki a mafi yawan lokuta. Abin da ya fi shafar yadda gem ke gudu shi ne yankin faifan kansa: PAL hoto 50 yake bugawa a daƙiƙa, NTSC na Amurka da Japan 60. Shi ya sa wasu tsofaffin gem na Turai suke ɗan nauyin tafiya in ka gwada su da na Amurka. Amma ga mai waya mara ƙarfi wannan yana iya zama alheri, don cika 50 ya fi sauƙi a kan cika 60.

Gem ɗina yana sargewa, sauti yana kakkatsewa. In na canza BIOS zai yi sauri?

Ba zai yi ba. Wannan ita ce ƙaryar da ta fi yawo, ka ga bidiyo an rubuta wai BIOS mai ƙara gudu ko na musamman don ƙananan wayoyi. Babu wannan abin. In gem ya riga ya tashi to ba BIOS ne ke hana shi gudu ba, magana ce ta ƙarfin firosesa da saitinka. Ka mai da resolution zuwa 1x, ka gwada canzawa tsakanin Vulkan da OpenGL, ka rufe sauran manhajoji, ka kashe yanayin tanadin batir, ka cire wa wayar riga in tana zafi don da ta ɗau zafi take rage gudu da kanta, musamman a watannin bazara. PS1 kusan kowace waya ta yanzu tana ɗauka. PS2 kuwa nauyi gare ta, waya mai RAM 2 GB ko 3 GB da ƙaramar firosesa ba za ta ja God of War II yadda kake so ba ko me ka saita, gara ka nemi wani God of War na PSP ka buga a PPSSPP hankalinka kwance.

Tambarin PlayStation yana fitowa, daga nan sai ya kai ni wurin memori kad, gem bai tashi ba

Albishirinka, BIOS ɗinka lafiya lau yake, tunda shi ne ma kake gani. Matsalar faifan gem ce. Gem ɗin PS1 yawanci fayil biyu ne ko fiye, bin da cue, kuma cue ɗin ake buɗewa. Cue ƴar takarda ce da ke ɗauke da sunan bin a cikinta, in ka canza wa bin suna ba ka gyara cikin cue ba to sun rabu, emuleta za ta ga kamar ba a sa faifai ba. Ka buɗe cue ɗin da manhajar rubutu ka tabbatar sunan da ke ciki daidai yake da na bin. In kana son hutawa da wannan gaba ɗaya ka mai da su chd, fayil ɗaya ne kuma ya fi ƙanƙanta, DuckStation da PCSX2 da RetroArch duk suna karanta shi.

PS2 tana ce min memori kad ba a yi masa fomat ba

Sabon kad na emuleta fanko yake zuwa kamar wanda aka ciro daga kwali. Wasu gem za su tambaye ka su yi fomat da kansu, ka ce eh. In bai tambaya ba sai ka tada BIOS ɗin shi kaɗai ba gem, a PCSX2 Start BIOS ne, ka shiga Browser, ka danna kad ɗin, ka yi fomat. Karon farko zai iya tambayarka harshe da lokaci kamar sabuwar PS2. Kad ɗin 8 MB ne kamar na gaske, na PS1 kuma gida 15 gare shi, in ya cika sai ka shiga BIOS ka goge wani sabin ko ka ƙirƙiri sabon kad a saiti.

Wata shawara a nan, kar ka dogara da save state kaɗai. Shi hoton na'urar ne a daidai wannan lokacin, in ka canza BIOS ko ka sabunta emuleta yana iya ƙin buɗewa. Ka riƙa yin sabin na cikin gem a memori kad, shi ne mai ɗorewa. Na san wanda ya kai kaka ta shida a Master League na gem ɗin ƙwallo ya rasa komai ta wannan hanyar.

AetherSX2 ko NetherSX2, BIOS ɗinsu daban ne?

Ɗaya ne, kuma shi ne dai na PCSX2. Mai AetherSX2 ya dakatar da aikin a farkon 2023, NetherSX2 gyara ne da wasu suka ɗora a kan waccan. Ka kula da masu ɗora kwafinta da wasu sunaye suna cewa "BIOS na ciki, ba sai ka nema ba", irin waɗannan ne suke zuwa da tarkace.

Ni iPhone gare ni

Tun watan Afrilu na 2024 Apple ta buɗe ƙofa, Delta da RetroArch da PPSSPP duk suna App Store. A RetroArch ka buɗe manhajar Files, ka shiga On My iPhone, ka nemi foldar RetroArch, system tana ciki, sauran duk kamar yadda na faɗa a sama ne, suna da nauyi da Core Information.

Zan iya goge fayil ɗin daga Download bayan na yi import?

A DuckStation da AetherSX2 na waya eh, sun riga sun kwafe shi. Amma in ka cire manhajar daga wayar ko ka danna Clear data, foldarta tana tafiya da BIOS ɗin da memori kad ɗinka gaba ɗaya. Saboda haka kafin ka goge na Download ka tabbatar kana da kwafi a wani wuri, kuma kafin ka cire emuleta ko ka kai waya wurin mai gyara a yi mata filashin, ka fitar da memori kad ɗin ta cikin saitin manhajar ka ajiye shi tare da BIOS ɗin a folda ɗaya.